Zane Biyu a Sandar Liman

Duk unguwar Gidan Dare an san Lawwali da abu biyu: ya iya aiki, kuma ya iya faɗin cewa ya iya. Ba ya jiran kowa ya yabe shi, ina! Kafin ka buɗe baki ya riga ka. Shagonsa na bakin titi, rumfar kwano ce da injin juya katako guda ɗaya, amma daga cikin rumfar nan ƙafafun gadajen rabin amaren unguwar suka fito, haka muciyoyi da akusa da ƙananan turame na dakan yaji. In ya kafa itace a inji ya kunna, itacen ya kama juyawa, sai ka ga mutumin ya zama wani daban, bakin ya mutu, ido ya tsaya wuri guda.

Cikin kayan aikinsa akwai wadda ya fi ji da ita. Wani ɗan wilin ƙarfe ne mai haƙora kewaye, bai fi kwabo girma ba, an ɗaura shi a bakin doguwar ƙota yadda zai riƙa juyawa da kansa. Lawwali yana kiranta 'yar-haƙora. Ba ta yanka, ba ta sassaƙa. In itace na juyawa a inji sai ya danna ta a jikinsa, itacen ya ja ta su juya tare, haƙoran su riƙa buga sawu. In ya tsayar da ita sak, zanen ya fito kamar gidan zuma. In ya karkata ta, ya fito a murɗe kamar igiya. Aibinta ɗaya ne, abin da ta rubuta ba ya gogewa sai dai a fere itacen.

To, abin da ya faru ya faru ne a tsakiyar bazara, lokacin da zafin Sakkwato ke sa mutum ya yi gumi ko yana zaune a inuwa. Ran Juma'a, Liman Siddiƙu na kan mumbarin masallacin unguwa yana tsakiyar huɗuba, sai sandar da ke hannunsa ta suɓuce. Ta bugi matakala, ta gangaro, ƙarar ta shiga lasifika, har waɗanda ke sahun waje kan titi sai da suka ji. Na'ibinsa Malam Aminullahi ya tashi ya ɗauko ya miƙa masa. Wannan ne karo na biyu cikin mako uku.

Lawwali na sahu na huɗu, kuma ji ya yi kamar a kansa sandar ta faɗo. Liman Siddiƙu ba baƙo ba ne a wurinsa. Shi ya biya masa karatu tun daga Fatiha, shi ya ɗaura masa aure, shi ya raɗa wa 'ya'yansa huɗu suna, shi ya sallaci gawar mahaifinsa. Sandar ma aikin Lawwali ce. Shekara shida da suka wuce ya zaɓo itacen kanya mai kyau, ya juya shi, ya goge, ya shafa masa banis har sau uku sai da mutum ke iya ganin fuskarsa a jiki, sannan ya kai wa Malam kyauta. Wata guda ya yi yana ba mutane labarin sandar nan, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba.

Washegari da hantsi Mode tela, maƙwabcinsa na shago, ya leƙo da tsumma a kafaɗa. Mode irin mutanen nan ne da labari ba ya kwana a cikinsu.

"Ka ji abin da dattawan masallaci sunka yanke?" in ji shi.

"In ban ji ba ai ga ka."

"Sun ce in ta sake hwaɗuwa, za su tahi gida su roƙe shi ya huta. Wai hannu ya gaji. Shekara arba'in da ɗaya hwa yana bisa mumbarin nan, Lawwali. A ce ƙarshenta sai an tahi an karɓe?"

Lawwali ya kashe inji. Ya san Liman sarai. Mutum ne da bai taɓa roƙon kowa komai ba, in aka je har zaurensa aka ce ya sauka, zai ce to, ya yi musu addu'a, amma abin zai ci shi a ciki har ya kwanta dama. Kuma abin da za a riƙa tunawa da shi kenan, ba karatunsa ba, ba sulhun da ya yi wa gidaje ba, a'a, limamin da sanda ta riƙa faɗuwa a hannunsa.

Mode ya ƙara da cewa, "Ni dai na ce musu har da laihin sandar. Abu sumul kamar tarwaɗa, ga zuhwa, ga tsuhwa. Ko ni aka ba ta sai ta kuɓuce."

Da wani ne ya faɗi haka a wata rana, da an ji su har bakin kasuwa. Amma yau Lawwali ya haɗiye ta, don gaskiya ce tsagwaronta. Ya yi sandar ne don idon jama'a, bai yi ta don tafin hannun tsoho ba. Kunya ta kama shi, ta minti ɗaya, don shi kunya ba ta daɗewa a jikinsa. Sai ya duba inda 'yar-haƙora ke rataye, ya bugi ƙirji.

"Aradu ba ta sake hwaɗuwa. Ni na ɓata, ni ka gyarawa."

"Allah shi sa," in ji Mode. "Sai dai ka fara gaya mini yadda za ka ce wa Malam hannunsa ya mutu."

Nan fa gizo ke saƙar. Ba a zuwa wurin mutum irin Liman a ce an zo taimaka wa rauninsa. Lawwali ya kwana da abin, ran Lahadi bayan la'asar ya sa rigarsa mai kyau ya nufi gidan. Ya sami Malam a zaure kan buzu, littattafai jibge a gefe, sandar na jingine a kusurwa. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, suka gaisa doguwar gaisuwa, aka tambayi iyali da aiki da zafi.

"Allah gafarta Malam, wata alfarma na zo nema."

"Muna ji."

"Sandar nan, duk sadda na gan ta sai in ji kunya. Lokacin da na yi ta hannuna bai nuna ba. Ba ado, ba komai, kamar taɓarya. Yanzu ina da wani ƙarfe da ke fidda zane, mutane na ta yi wa akusansu da ƙafafun gado, a ce sandar malamina ce ba ta da shi? A ba ni ita kwana huɗu in fid da kaina kunya."

Liman ya dube shi ta saman tabarau, ya daɗe yana dubansa. Hannunsa na dama na kan gwiwa yana ɗan rawa, sai ya ɗora na hagu a kai.

"Ado," in ji shi.

"Ado kawai, Allah gafarta Malam."

"Lawwali, tun kana ƙarami in za ka yi ƙarya kunnenka ka motsi." Ya yi murmushi. "Ɗauka. Alhamis ɗiyata Sadiyatu za ta biyo ta karɓa."

Lawwali ya fito da sanda a hannu yana taɓa kunnensa.

Litinin da sassafe ya fara. Mayar da tsohuwar sanda kan inji ba wasa ba ne. Sai da ya cire ƙarfen gindinta ya nemo tsohon ramin da ya kafa ta da shi shekara shida baya, ya nemo na saman kai da ya toshe da garin katako. Dogon itace siriri in yana juyawa tsakiyarsa lilo take yi, don haka ya haɗa wani matallafi da boris uku, ƙananan ƙarafan nan masu juyawa, da ya naɗe da robar tayar keke, ya tallafe ta a tsakiya. Ya kunna a hankali, ya ga tana tafiya daidai. Sai ya ɗauki sanfefa ya bi rabin sandar na sama tas, ya kankare banis ɗin nan da ya yi wata guda yana alfahari da shi. Ko a jikinsa.

Bai taɓa sandar da 'yar-haƙora ba sai da ya ɓata kwana biyu yana gwaji a guntayen kanya. Wannan ya yi kaifi, zai ci tafin tsoho. Wannan ya yi laushi, gumi zai cike shi. Duk wanda ya gama sai ya jiƙa hannu da ruwa ya riƙe, ya shafa man gyaɗa ya sake riƙewa, sannan ya goga a kumatunsa, don a cewarsa fatar tsoho da kumatun mutum laushinsu ɗaya. Mode ya leƙo ya same shi yana goga itace a fuska, ya koma shagonsa yana salati.

Laraba ya samu abin da yake so: a karkata ƙarfen dama a danna, a karkata hagu a sake dannawa a kan sawun farko, zanen ya fito a sarƙe kamar saƙar tabarma. Wurin da zai sa shi kuwa bai ko tsaya tunani ba. Shi ya auna hannun Malam da kansa lokacin da zai yi sandar, kuma awon na nan rubuce da fensir a jikin ginshiƙin rumfa: yatsa huɗu ƙasa da kan sanda. Ya yi bisimilla, ya rage gudun inji, ya kafa ƙafa, ya danna. Ƙarfen ya yi ƙara kamar fara a cikin kara. Da ya tsayar da inji, kai, shi kansa sai da ya ce masha Allahu. Ya yi wa zanen iyaka da layi biyu sama da ƙasa, ya ɗora wayar ƙarfe a layukan sandar tana juyawa har suka ƙone suka yi baƙi, ya bi da buroshi ya kashe kaifin, ya shafe da man kaɗe maimakon banis. Ya kira Mode, ya kira mai shayi, ya kira wani mai babur da bai san shi ba, duk sai da suka riƙe suka yaba.

Alhamis da hantsi Malama Sadiyatu ta sauka daga Keke Napep. Ita ce babbar ɗiyar Liman, tana koyarwa a wata makarantar 'yan mata, tana aure a unguwar Minanata, amma ba Juma'ar da ba ta zuwa gidan mahaifinta ta shirya masa rawani da alkyabba. Lawwali ya miƙa mata sandar da hannu biyu yana jiran yabo.

Ta juya ta, ta shafa zanen. "Ya yi kyau ƙwarai, Malam Lawwali." Sai ta dasa sandar a ƙasa, ta tsaya, fuskarta ta sauya. "Amma don wa ka yi shi nan?"

"Don Malam mana. Yatsa huɗu daga sama. Ga awon can a ginshiƙi."

"Awon yaushe?"

"Na sadda na yi sandar."

Idonta ya cika da ƙwalla. "Baba ya rage tsawo, Malam Lawwali. Bayansa ya ranƙwafa, kafaɗar ba ta ɗaguwa. Kullum Juma'a ni ka miƙa mishi sandar nan a zaure. Ina riƙe ta nan, daidai inda ka yi zanenka, shi kuwa hannunsa yana sauka ƙasa da nawa da taƙi guda. Ba ka ga inda banis ya dushe ba? Wurin ya yi duhu da zuhwa."

Lawwali ya gani mana! Ya ga wani wuri da ya dushe ran Litinin, ya ce dauɗa ce, ya sa sanfefa ya share shi da ƙarfinsa. Sandar da kanta ta gaya masa inda Malam ke riƙewa, shi kuwa ya tafi ya gaskata fensir. Yanzu ga zane mai kyau a inda ba hannun da zai kai, ga inda hannun zai sauka an goge shi sumul, har ya fi da santsi. Gobe Juma'a.

"A bar ta haka?" in ji Sadiyatu. "Ko in ce mishi ba a gama ba, ya riƙe wata?"

"In ya hau da wata sanda, kowa ya san dalili." Lawwali ya tuɓe hula ya rataye. "Malama, zauna ga benci. Riƙe min ita yadda kika saba, ki nuna min da ɗan yatsa inda nasa hannun ka tsayawa. Kada ki yi kara, ko da rabin yatsa ne ki hwaɗi."

Ta riƙe, ta lumshe ido, ta sauke ɗaya hannun a hankali kamar mai karɓa, ta tsaya. Ya sa alli ya zagaye sama da ƙasan hannunta. Ya sa ta sake har sau uku, duka ukun wuri ɗaya ta sauka.

Ya mayar da sandar kan inji. Wurin nan ya fi na farko wuya, don can ne sandar ta ɗan lanƙwasa saboda shekara shida na dogarawa, tana juyawa tana ɗan tsalle. In 'yar-haƙora ta yi tsalle tare da ita, zanen ya dagule, kuma babu gyara. Mode ya zo ya tsaya a bakin rumfa yana kallo. Lawwali ya matso da matallafin kusa, ya rage gudu har ana iya ƙirga juyin da ido, ya manne ƙotar a cikinsa yadda jikinsa duka zai bi tsallen itacen. A wannan fannin dai bai taɓa shakkar kansa ba, kuma yana da gaskiya.

Ya danna dama. Ya ɗaga. Ya danna hagu. Ya kashe inji.

Saƙar ta fito tsaf, ƙwaya ɗaya ba ta hau kan 'yar'uwarta ba. Ya ƙona mata layuka irin na sama, ya goge, ya shafa man kaɗe, sai zanen biyu suka zama kamar da ma haka aka tsara su, ɗaya bisa ɗaya da tazarar taƙi. Sadiyatu ta jiƙa hannu a buta ta riƙe, Mode ya kama gindin sandar ya ja da ƙarfi, ba ta motsa ba.

"To, me na ce muku?" in ji Lawwali. Bakin ya dawo.

Ran Juma'a tun kafin kiran farko ya je ya kama wuri a sahun gaba. Zafin ranar ya fi na makon jiya, fankoki na juyawa amma iskar zafi suke kaɗawa. Liman ya fito a hankali, ya hau mumbari, ya dasa sanda, hannunsa ya sauka a kan zanen ƙasa kamar an auna da ma'auni. Lawwali bai ji kalma ɗaya ta huɗubar farko ba, Allah Ya yafe masa, idonsa na kan yatsu biyar ɗin nan. Gumi na bin hannun Malam har gwiwar hannu, hannun na rawa, sandar na rawa tare da shi, amma tana nan. Ya zauna, ya tashi, ya yi huɗuba ta biyu, ya yi addu'a, ya sauko da sandarsa a hannu. Lawwali ya waiga ya nemo idon Mode a sahu na uku ya ɗaga masa gira.

Bayan an sallame, mutane sun fara miƙewa, sai Liman ya karɓi makirifo ya ce a ɗan dakata. Ya tashi tsaye, dogare da sandar.

"Jama'a, shekara arba'in da ɗaya kuna haƙuri da ni. Tun azumin bara na yi niyyar in sauka, don na san jikina. Sai sandar nan ta hwaɗi, sai na ji ba ni iya sauka a kan hwaɗuwa. Wannan rauni ne irin na ɗan Adam, Allah Shi gafarta mini. Na roƙe Shi Juma'a ɗaya tak wadda zan riƙe ta tun daga farko har ƙarshe, in miƙa ta da hannuna, ba a tsince ta a ƙasa ba. Yau Ya ba ni. Malam Aminullahi, matso."

Na'ibi ya matso yana sunkuyar da kai, dogon mutum ne, ya fi Liman da kai guda. Liman ya miƙa sandar, hannunsa na kan zanen ƙasa. Malam Aminullahi ya kai hannu ya kama, sai ga shi ya sauka a kan zanen sama, cif, yatsa huɗu daga kai. Na ɗan lokaci hannayen biyu na kan sandar, kowanne a wurinsa. Sannan tsohon ya saki.

Lawwali ya kasa tashi. Shi da ya yi aikin nan don Malam ya daɗe a mumbari, ga shi aikin ne ya buɗe masa hanyar sauka. Baƙin ciki da daɗi suka haɗu masa, ya ja bakin riga ya rufe fuska, ƙato da shi, yana kuka a sahun gaba.

Sai da jama'a suka ragu ya rarrafa ya je gaban Malam ya durƙusa. Liman ya dafa kansa da hannun nan mai rawa.

"Ka yi wa hannu biyu wuri, Lawwali. Wa ya gaya maka zan sauka?"

Ga dama ta samu. Kalma ɗaya zai faɗa, gobe duk Gidan Dare a ce Lawwali har abin da ke zuwa yake hangowa, kuma Mode da kansa zai yi masa tallar labarin kyauta. Ya buɗe baki, sai ya ji kunnensa na shirin motsi.

"Ba wanda ya gaya mini, Allah gafarta Malam. Kuskure na yi. Zanen sama awonka ne na da, ban lura ka rage tsawo ba sai da Malama ta nuna mini."

Liman ya yi dariya har tabarau ya zame masa. "To ai ni ma sai da sanda ta nuna mini." Ya miƙo hannu. "Tashi ka kama ni mu tahi gida, yau ba ni da abin dogarawa."

Lawwali ya share fuska, ya miƙe, ya ba shi kafaɗa. Suka fito ta ƙofar gabas a hankali, yana rage tsawon takunsa don ya yi daidai da na tsohon.